TAKARDAR MALLAKA DA CINIKIN BIRI A SAMA: LABARIN "HAƊIN SANYI" DA INJIN ABDU MUMUNI

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikata a garin Dawce, ƙasar Matamaye, cikin jihar Damagaram. Mun buga shi yadda aka faɗe shi, in ban da gaishe-gaishen farko da muka taƙaita.

Alhazai da hajiyoyi, iyayenmu ƴan kasuwa, ƴan uwana ma'aikata, malaman makaranta da na asibiti, barkanku da zuwa.

An nemi in yi magana a kan makamashi, wato abin da ke juya inji ya kuma kunna fitila. Ba sai na gaya wa kowa a nan tsadarsa ba. Mai lambun rake da ke ban-ruwa da inji ya san abin da litar esansi ke ci masa. Mai injin niƙa ya san kuɗin gazuwal. Wanda ya ajiye allurar rigakafi cikin firji ya san fargabar ɗaukewar wuta, kuma ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa ƙasarmu. Mutumin da ke cikin irin wannan matsi, in aka zo masa da labarin injin da ba ya shan mai, aka buɗe jaka aka nuna masa takarda mai tambari da sa hannu, da wuya ya tsaya tambaya. A kan wannan takarda nake son in tsaya yau.

Sunanta takardar mallakar ƙirƙira. Masu faransanci suna ce mata "burebe", amma kada a haɗa ta da bureben da ƴaƴanmu ke zaunawa a ƙarshen kolej. Hukuma ce ke ba da ita ga wanda ya ƙago wani abu sabo, ta ce: daga ranar da ka shigar da buƙata har shekara 20 ba mai ikon ƙera wannan abu ko sayar da shi sai da izninka. Shi kuma a madadin haka dole ya bayyana sirrin abin a rubuce, yadda duk wani masani zai iya karantawa ya ƙera irinsa, don in wa'adin ya cika jama'a duka su amfana. Ciniki ne tsakanin mai basira da al'umma, kuma ciniki ne mai kyau. Ɓarnar tana farawa ne sa'ad da aka ɗauki takardar a matsayin shaidar cewa abin yana aiki, ko yana da riba. Mafi girman misalin wannan ɓarna ya faru a Amurka, ƙasar da ake ganin ba a yi wa mutanenta wayo.

Ranar 23 ga watan Maris na 1989, wasu malamai biyu masana ilimin sinadarai, Martin Fleischmann ɗan Ingila da Stanley Pons ɗan Amurka, suka kira ƴan jarida a Jami'ar Yuta. Suka ce sun sami hanyar fitar da ƙarfi irin na rana daga cikin wata ƴar kwalba a kan tebur.

Don ku gane nauyin wannan magana, sai mun ɗan shiga makaranta. Ƙarfin nukiliya iri biyu ne. Na farko shi ne na fasa ƙwayar zarra mai nauyi, kamar ta yuraniyom ɗin da aka fara haƙa a Arlit a 1971. Shi ne ke juya tashoshin wutar Faransa. Na biyu shi ne na haɗe ƙwayoyin zarra marasa nauyi, irin na iskar haidurojin, su dunƙule su zama ɗaya. Wannan na biyun shi ke faruwa a cikin rana. Sai dai ƙwayoyin ba sa yarda su kusanci juna, kullum turjiya suke yi, sai an matsa musu da zafi na fitar hankali. A tsakiyar rana zafin ya kai digiri miliyan 15. A nan ƙasa, injunan da ake gwadawa sai sun wuce digiri miliyan 100. Shekaru aru-aru ƙasashe masu ƙarfi suna zuba dukiya a wannan aiki, ga babbar tashar gwaji da suka haɗa kai suna ginawa a kudancin Faransa, har yau ba ta kunna wa kowa fitila ba. To sai ga mutum biyu sun ce su sun yi shi cikin sanyin ɗaki. Daga nan aka sami sunan "haɗin sanyi".

Kayan aikinsu ba su da yawa: kwalba, wani irin ruwa da ake kira ruwa mai nauyi, sandar wani ƙarfe mai daraja da ake kira faladiyom, da wayar lantarki. Suka ce zafin da ke fitowa ya ninka ƙarfin da suka zuba har sau huɗu, kuma sun shekara biyar suna aikin da kuɗin aljihunsu, wajen dala dubu 100. (In na ce dala a wannan jawabi, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.) Shi ruwa mai nauyi daga ruwan yau da kullum ake tace shi, ga tekuna cike. Ke nan in maganarsu ta tabbata, fetur ya mutu, gawayi ya mutu, yuraniyom ɗinmu ma ya zama tsakuwa. Cikin ƴan kwanaki farashin faladiyom ya tashi a kasuwannin duniya.

Al'adar masana ita ce, in ka gano abu, sai ka rubuta shi dalla-dalla ka miƙa wa takwarorinka su tantance, su gwada a nasu ɗakunan bincike, sannan a shelanta wa duniya. Me ya sa waɗannan malamai, waɗanda ba ƙananan mutane ba ne a fanninsu, suka tsallake wannan mataki? Takardar mallaka ce ta sa. A wata jami'a da ke maƙwabtaka da su akwai wani malami, Steven Jones, mai bincike a kan abu makamancin nasu. Ɓangarorin biyu sun yi alkawari za su aika da rubutunsu tare ranar 24 ga wata. Shugabannin Jami'ar Yuta, da suka riga suka shigar da takardun neman mallaka, suka ji tsoron kada a raba gādon da su, sai aka kira ƴan jarida kwana ɗaya kafin ranar alkawari. Bayan haka, duk masanin da ya nemi cikakken bayanin yadda aka haɗa kwalbar, sai a ce masa lauyoyi sun hana. Ku duba wannan juyin: takardar da aka ƙirƙiro don a bayyana sirri, ita ce ta zama dalilin ɓoye shi.

Duk da haka masana suka duƙufa, daga Amurka zuwa Ingila, Indiya da Japan. A makonnin farko wasu suka ce sun ga alama. Wata jami'a a jihar Jojiya ta yi shelar nasara, bayan kwana uku ta janye, don ta gano na'urar awonta ce ke ruɗewa in ta ji ɗumi. Babbar cibiyar nukiliya ta Harwell a Ingila ta yi watanni tana gwaji ba ta ga komai ba. Masana fizik kuma suka kawo wata hujja mai sauƙin fahimta: da a ce zafin nan daga haɗewar zarra yake fitowa kamar yadda aka sani, da tururin nukiliyar da zai biyo shi ya hallaka duk wanda ke tsaye kusa da kwalbar, ga malaman nan kuwa lafiya lau suna hira da ƴan jarida. Ranar 1 ga watan Mayu, a babban taron masana fizik na Amurka a birnin Baltimo, aka yi wa maganar kaca-kaca. A watan Nuwamba kwamitin da ma'aikatar makamashi ta Amurka ta kafa ya ce bai ga hujja mai gamsarwa ba.

Kuɗi fa? Kuɗi sun riga hujja fita. Majalisar dokokin jihar Yuta ta ware dala miliyan 5, abin da ya haura miliyar ɗaya da rabi na sefa a canjin wancan lokaci, aka buɗe cibiya ta musamman a watan Agusta na 1989. Shugaban jami'ar ya je har majalisar tarayya yana neman ƙarin miliyan 25. Allah ya taimaki baitulmalin Amurka ba a ba shi ba. A watan Yuni na 1991 kuɗin suka ƙare, aka rufe cibiyar. Ƴan majalisar da suka ɗaga hannu ba ɓarayi ba ne. Abin da aka gaya musu shi ne, in suka yi jinkiri Japanawa za su kwashe arzikin. Ƴan majalisarmu na yau da na gobe su riƙe wannan: duk mai kawo kwangila yana cewa a yi sauri kada maƙwabta su riga mu, a ƙara masa tambaya ɗaya a kan waɗanda aka yi niyya.

Japanawan su ma sun zuba nasu. A 1992 malaman biyu suka koma kudancin Faransa, a wani ɗakin bincike da ke da alaƙa da kamfanin Toyota. Aka kashe wajen fam miliyan 12 na Ingila, aka rufe a 1998. Gwamnatin Japan ta yi nata shirin na kimanin dala miliyan 20, ta dakatar da shi a 1997. Ita kuwa Jami'ar Yuta, a 1993 ta miƙa haƙƙin takardunta ga wani kamfani mai suna ENECO, a 1998 ta ce ta daina kare su, bayan fiye da dala miliyan ɗaya ta tafi wajen lauyoyi. Ofishin ba da takardun mallaka na Amurka ya ɗauki matsayin ƙin amincewa da duk wata buƙata da ta ce haɗin sanyi ne, sai mai ita ya nuna abin yana aiki, kuma a shekarar 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan ofishin a shari'ar wani mai bincike da ake kira Swartz. Fleischmann ya rasu a 2012 bai janye maganarsa ba.

Kuna tsammanin daga nan magana ta mutu? Ina! A 2011 wani ɗan Italiya, Andrea Rossi, ya fito da wani akwati da ya sa wa suna E-Cat, ya ce yana ba da zafi ninkin-ba-ninkin abin da yake ci. Wani kamfanin Amurka mai suna Industrial Heat ya biya shi dala miliyan 11 da rabi don ya sami haƙƙin fasahar, da alkawarin ƙarin miliyan 89 in gwajin shekara guda ya yi kyau. A 2015 Rossi ya sami takardar mallaka a Amurka, amma ku saurari abin da ke rubuce a kanta: na'urar ɗumama ruwa. Ba a ba shi ita a kan haɗin sanyi ba. Da gwajin ya ƙare a 2016 ya kai kamfanin ƙara yana neman cikon kuɗinsa. Kamfanin ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa bai iya tabbatar da zafin da ake faɗa ba. A watan Yuli na 2017 suka sasanta a kotun Miyami, kowa ya kama gabansa. Akwatin bai shiga kasuwa ba.

Adalci ya sa in ƙara da cewa akwai masu neman gaskiya a wannan fage. Kamfanin Google ya tara masana wajen 30, ya ba su dala miliyan 10, suka yi aiki daga 2015. A watan Mayu na 2019 suka buga sakamakonsu a mujallar Nature, suka ce ba su sami haɗin sanyi ba, ko da yake sun ƙaru da sababbin dabarun awon zafi. A 2023 gwamnatin Amurka ta sake ware dala miliyan 10 ga ƙungiyoyin bincike takwas don a rarrabe zance. Ban ga laifin wannan ba. Mai wadata in ya kashe kaɗan daga rararsa don ya san gaskiyar abu, ya kyauta. Amma tun daga 1989 har zuwa yau babu kanti ɗaya a duniya, daga Tokiyo har Kantin Kwari, da za ka shiga ka sayi tukunya ko janareto mai aiki da haɗin sanyi. Takardu kuwa, na nema da na mallaka, an cika akwatuna da su.

Yanzu mu dawo gida, don mu ma muna da namu labarin takardar mallaka, sai dai shi a juye yake.

Farfesa Abdu Mumuni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, an haife shi a Tasawa a 1929. A 1956 ya ci jarrabawar agiregasiyo a fannin fizik a Faransa, matakin da a lokacin ba a saba ganin baƙar fata a kansa ba. Ya yi karatun makamashin rana a Tarayyar Sobiyet, ya kafa ɗakin binciken hasken rana a Bamako a 1964, sannan a 1969 ya dawo gida ya riƙe ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, har zuwa 1985. Shi bai yi alkawarin sa rana cikin kwalba ba. Cewa ya yi ga ta nan a sama tana dukanmu kyauta, mu yi mata tarko. A ƙarƙashinsa aka ƙera tankunan ɗumama ruwa, da murhun dafa abinci, da na'urar tace ruwa, da ta busar da amfanin gona, duk da zafin rana, duk a Yamai. Aka kuma ƙera inji mai juyawa da zafin rana tare da kamfanin Spilling na Jamus, aka yi masa takardar mallaka. Hukumar kare mallakar fasaha ta duniya ta ba shi lambar zinariya. Waɗannan abubuwa ba sai an roƙi lauya kafin a gan su ba. Mutum zai iya sa hannunsa a ruwan tankin ya ƙone.

Ina suke yau a kasuwar Matamaye? Ku da kuke saye da sayarwa kun fi ni sanin amsa. Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, aljihun gwamnati ya bushe, masu ba da bashi suka zo da sharuɗɗansu na tsuke bakin jaka, bincike ya koma layin baya. Farfesa ya rasu a watan Afrilu na 1991, ƴan watanni kafin a buɗe Babban Taron Ƙasa. Muka shiga zamanin jam'iyyu, aka yi ta rabon kujeru, ban ji an yi rigima ko sau ɗaya a kan wa zai gaji aikin ONERSOL ba. Su ma attajiranmu, da girmamawa nake faɗa, sun fi gane ribar tirelar da za ta juya kuɗi cikin wata guda a kan masana'antar da sai ta shekara biyar tana cin jari. A Amurka takarda ta jawo miliyoyi alhali ba kaya. A Nijar ga kaya ga takarda, jari ya ƙi zuwa.

Ranar kuwa ba ta fasa zuwa kasuwa ba, ta bi wata hanya ce. Farantan nan masu maida haske lantarki, da kuke gani kan rufin shaguna da bakin rijiyoyin lambu, an fara ƙera irinsu a Amurka a 1954. Takardun mallakarsu na farko sun daɗe da mutuwa. Wanda ya ci ribar shi ne wanda ya gina masana'anta: ƙasar Sin ce ke ƙera fiye da kashi 80 cikin ɗari na farantan duniya, kuma tsakanin 2010 da 2020 farashinsu ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari. Tashar Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, da ta Gorubanda mai megawat 30 ta 2023, da farantan waje aka gina su, a ƙasar Abdu Mumuni.

To, ɗan kasuwar Dawce da aka kawo wa takarda, me zai duba? Ya fara duba ko takardar nema ce ko ta bayarwa. Kowa zai iya shigar da buƙata in ya biya kuɗin shiga, ko da ya ce ya ƙera jirgin zuwa wata da karan dawa, kuma za a ba shi rasiɗi mai lamba da tambari. Sannan ya duba ƙasar da ta ba da ita, don takardar mallaka ba ta ƙetare iyaka. Ta Amurka ba ta da iko a nan. Mu a Nijar muna cikin ƙungiyar OAPI, wadda aka kafa da yarjejeniyar Bangi ta 1977, mai hedikwata a Yawunde; takarda ɗaya daga can tana aiki a ƙasashe 17. Najeriya ba ta ciki, tana da nata ofishin a Abuja. Ma'ana, maƙerin garin nan da ya ƙago sabon famfo ya yi masa rajista a Yawunde, in ya tsallaka da shi Mai'aduwa ko Daura wani ya kwaikwaya, ba shi da inda zai kai ƙara, sai in ya yi rajista ta biyu a can. Mu da rabin cinikinmu yake kudu da iyaka, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kuma akwai kuɗin shekara-shekara; wanda ya daina biya, takardarsa ta faɗi, ko da tana nan rataye a bango cikin gilashi.

Abu mafi nauyi shi ne wannan: hukumar da ta ba da takardar ba ta ɗauki alhakin cewa abin yana aiki ba. Dokar Najeriya ta 1970 ta faɗa ƙarara cewa ana ba da ita ne a kan wuyan mai nema, ba tare da lamunin ingancinta ba. Dattawa a cikinku za su tuna tsofaffin kayan Faransa, fitilu da makullai, masu ɗauke da haruffa huɗu, S.G.D.G. Fassararsu ita ce "ba da lamunin gwamnati ba", kuma dokar Faransa ta 1844 ce ta tilasta a rubuta su, aka ci gaba har 1968. Turawan da suka kawo mana tsarin sun shekara fiye da ɗari suna gargaɗin mutanensu da shi a jikin ƙarfe.

Ku kuma ƴan uwana ma'aikata, da hannunku ake sa wa a takardun sayen kaya na ƙaramar hukuma, da na makarantu da asibitoci, aikinku ya fi na ɗan kasuwa nauyi, don shi dukiyarsa yake kasada da ita, ku kuwa ta talakawa. In an kawo muku injin da aka ce yana ba da wuta fiye da abin da yake ci, ba sai kun san fizik ba. A kawo shi nan, a sa shi cikin ɗakinku, ba na mai shi ba. A sa kwantar wuta ɗaya a mashiga, ɗaya a mafita, waɗanda ku kuka sayo. A kira malamin fizik daga lise na Matamaye ko daga jami'ar Damagaram ya duba ko akwai batir ko waya a ɓoye. A kulle ɗakin, makulli a hannunku, a bar shi wata guda yana jan firjin asibiti. In mai injin ya ce sirrinsa zai fita, ku tuna masa cewa wanda yake da takardar mallaka ta gaskiya ya riga ya rubuta sirrinsa a ofishin hukuma, kowa na iya zuwa ya karanta. Kada tamma ɗaya ta fita daga baitulmali kafin watan ya cika a karanta kwantocin biyu gaban shaidu.

Na ga alhazai suna duban rana, lokacin salla ya gabato. Wanda yake da tambaya, ko wata takarda da aka taɓa kawo masa yana son mu karanta ta tare, ina nan bayan la'asar.